Gawayin Ƙashi da Tsatsar Ƙarfe: Tace Gubar da Ido Ba Ya Gani a Ruwan Sha

Kowane ɗan ƙasar Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Maciji ne ya tare ta, ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ran Jumma'a, har baƙo ya zo ya sare kansa. Mutanen wancan zamani sun sha wuya, amma sun san abokin gabansu, sun san ranar da za su kusanci rijiya da ranar da za su nisance ta. Yau kuwa, a waɗansu wurare na ƙasar Hausa da maƙwabtanta, akwai rijiyoyin da ruwansu yake garau, ba wari, ba ɗaci, ba tsutsa, amma a cikinsa akwai narkakken ƙarfe mai cin ƙoda da ƙashi sannu a hankali. Masana sun gano cewa waɗansu abubuwan da muke zubarwa a juji, kamar ƙashin shanu da tsoffin ƙusoshi da ɓawon gyaɗa, suna iya kama wannan guba su raba ta da ruwa. Labarin gaskiya ne. Amma yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na ga ya kamata mu tattauna shi da 'yan'uwa manoma na Baure da kewaye.

Wace irin guba ce?

Sunan ƙarfen yuraniyom. Ya fi dalma nauyi, kuma akwai ɗan ɓurɓushinsa a kusan kowace ƙasa da kowane dutse, tun halittar duniya. Bambancinsa da baƙin ƙarfen maƙera shi ne ba ya zama wuri ɗaya lafiya. Kullum ƙwayoyinsa suna farfashewa kaɗan kaɗan, suna fitar da wani tururi marar ganuwa, ɗan'uwan hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Cikin farfashewar nan yakan haifi 'ya'ya da jikoki, su ma masu tururi. Biyu daga cikinsu sun shafe mu: radiyom, wanda shi ma ƙarfe ne, da radon, wadda iska ce.

Kowannensu da irin ɓarnarsa. Yuraniyom ya fi taɓa ƙoda, idan mutum ya yi shekaru yana shan ruwan da ke da shi da yawa. Radiyom kuwa mayaudari ne. Ya yi kama da kalsiyom, watau sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, saboda haka jiki yakan karɓe shi ya ajiye cikin ƙashi, can ya zauna yana ta tururi. An gane haka a Amurka cikin shekarun 1920, sa'ad da 'yan matan da ke shafa fentin radiyom a fuskar agogo, suna lasar bakin buroshi don ya yi tsini, suka soma ruɓewar haƙora da muƙamuƙi. Radon kuma huhu take nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba, ita ce ta fi kawo ciwon daji na huhu.

Kada wani ya ce a jira abin ya mutu da kansa. Radiyom sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Yuraniyom kuwa shekara miliyan dubu huɗu da rabi. Radon ce kaɗai mai gajeren rai, gama rabinta yakan ƙare cikin kwana huɗu ba kaɗan.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2011 shi ne kada yuraniyom ya wuce maikirogiram 30 a lita ɗaya ta ruwan sha. Wannan lissafin 'yan boko ne. Ga shi da Hausa: a cike duro mai cin lita 200, to, abin da aka yarda ya kasance a ciki bai wuce nauyin ƙwayar gero guda ba. Wane harshe ne zai ɗanɗana ƙwayar gero a duro?

Abin da ya faru a Arlit

Daga Baure, in ka bi ta Babban Mutum ka shiga Magarya, ka wuce Damagaram, ka kai Agadas, saura kimanin kilomita 240 ka isa Arlit. Hanyar ba baƙuwa ba ce gare mu. Direbobinmu da fatake da 'yan ci-rani sun daɗe suna bin ta, kuma Hausa ake yi a kasuwar garin.

Faransawa suka gano yuraniyom a ƙasar Nijar a 1957. Kamfanin Somair ya soma haƙa a Arlit a 1971, na Cominak kuma a 1978 kusa da Akokan. Garuruwan nan biyu saboda ma'adinin aka kafa su a tsakiyar hamada. A da an riƙa kai yuraniyom ɗin Faransa, inda wajen kashi biyu cikin uku na wutar lantarki daga tashoshin nukiliya yake fitowa. Ruwan da mutanen Arlit ke sha kuwa tsohon ruwa ne na ƙarƙashin ƙasa, wanda ya taru tun dubban shekaru. Abin da aka ɗiba ba ya dawowa da damina, kuma da shi ne masana'antar ke wanke dutsen da ta niƙa.

Wani ma'aikacin Somair mai suna Almoustapha Alhacen, da ya ga abokan aikinsa suna ta rasuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba, ya kafa ƙungiya mai suna Aghirin'man, watau garkuwar rai da harshen Buzaye. Ƙungiyar ta gayyato masanan wani ɗakin bincike mai zaman kansa na Faransa, CRIIRAD, suka zo a Disamba 2003. Ƙungiyar Greenpeace ita ma ta zo a Nuwamba 2009. A rahoton da ta fitar a 2010 ta ce cikin ruwa biyar da aka ɗiba a yankin Arlit, huɗu sun wuce ma'aunin yuraniyom na Hukumar Lafiya ta Duniya na lokacin. Ta ce kuma a wani titi na Akokan, inda aka yi ciko da dutsen da aka fitar daga rami, tururin ya kusa ninka na sauran wurare sau 500. Har a kasuwa an sami tsoffin ƙarafa daga ma'aikatar, masu tururi, ana sayar wa maƙera da masu gini. Kamfanin Faransa mai babban hannun jari, wanda a lokacin ake kira Areva, yau kuma Orano, bai yarda da yawancin zargin ba, ya ce yana bin ƙa'ida. Cominak ta rufe ran 31 ga Maris 2021, ta bar tulin dusar dutse wajen tan miliyan 20, aka shiga aikin rufe shi da yumɓu da duwatsu. A Yuni 2025 gwamnatin sojan Nijar ta ba da sanarwar mayar da Somair hannun ƙasa. Ko wane ne mai kamfani, tulin yana nan, ruwan kuma shi ne dai wanda ake sha.

A gida Nijeriya ma muna da namu. Kakanninmu da yawa sun je aikin kuza a Jos da Bukuru da Barikin Ladi. Yashin da aka bari bayan an wanke kuza yana da wani ma'adini mai suna monazait, mai ɗauke da toriyom, ɗan'uwan yuraniyom. Mutane sun yi ta kwasar yashin nan suna yaɓen ɗaki, kuma ɗaruruwan kududdufan da haƙar ta bari su ne ake noman rani da su.

To, mu fa?

Baure ba Arlit ba ce. Ba a haƙar yuraniyom a ƙasar Daura, kuma ba na so mai karatu ya ajiye takardar nan ya shiga tsoron rijiyar ƙofar gidansa. A ƙauyukanmu abin da ke kashe yara ta hanyar ruwa shi ne gudawa da kwalara da taifot. Wanda ya bar rijiyar burtsatse ya koma shan ruwan kududdufi don tsoron yuraniyom, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Duk da haka akwai dalilin yin tambaya. Shekarun nan rijiyoyin burtsatse sun yawaita ƙwarai, na gwamnati da na 'yan siyasa da na masu neman lada, kuma suna kaiwa zurfin da gugan kakanninmu bai taɓa kaiwa ba. Ruwan da ya daɗe kwance cikin dutse yakan narkar da abin da ke cikin dutsen. Irin dutsen nan mai ƙyalli-ƙyalli da ake sassaƙa dutsen niƙa da shi, wanda birnin Damagaram ke zaune a kansa, wanda kuma muke gani wajen Dutsin-Ma, ya fi yawancin duwatsu yuraniyom. Rijiya biyu a gari ɗaya suna iya bambanta, ɗaya lafiya lau, ɗaya da matsala. Abin da na lura da shi a yawon aikina shi ne, ran da ruwa ya ɓullo daga sabuwar rijiya, sai a yi guɗa, a ɗanɗana, a ce garɗi gare shi, mai injin ya naɗe kayansa. Da wuya ka ji wani ya tambayi takardar gwaji.

Mutanen Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, sun ga abin da rashin tambayar nan ke jawowa. A tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da ruwan wata rijiya mai zurfi. Ruwan garau yake. Shekara fiye da goma ana sha, sai ga yara haƙoransu sun yi ja, ƙafafunsu sun lanƙwashe, ɗaruruwa sun naƙasa. Gubar Tibiri ba mai tururi ba ce, sinadarin fuloraid ne ya yi yawa. Na kawo ta ne domin hanyar shigarta ɗaya ce da ta yuraniyom, watau daga dutse zuwa ruwa mai kyan gani, kuma maganinsu ya yi kusa da juna, kamar yadda za mu gani.

Dabarun da muka saba da su

Lokacin yaƙi da kurkunu an koya mana tace ruwa da ƙyalle, kuma dabarar ta yi aiki, gama tun 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu. Amma ƙyalle abin da ke yawo cikin ruwa yake tarewa. Yuraniyom narkewa yake yi kamar gishiri. Jiƙa gishiri ka tace da ƙyalle ninki goma, ka ɗanɗana ka ji. Tafasawa kuma tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa ƙarfe. Ruwa ne ke tashi ya bar shi a tukunya, har ma ya ɗan ƙara kauri. Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, kuma abin da ya manne wa lakar yakan kwanta tare da ita, amma ba za a dogara gare su su kwashe narkakken duka ba.

Radon ce kaɗai tsohuwar al'adarmu ke maganinta. Da yake iska ce, idan aka ɗebo ruwa aka juye shi daga bokiti zuwa randa a tsakar gida, ya kwana, yawancinta yakan fice. Iyayenmu mata da ke cewa ruwan randa ya fi na bakin famfo daɗi, ashe sun riga masana.

Gawayin ɓawo da totuwa

A manyan birane na duniya ana cire yuraniyom da injuna masu tsada, masu bukatar lantarki da kayan gyara daga waje. Wannan ya fi ƙarfin ƙauye. Shi ya sa masana a jami'o'i da yawa suka juya ga juji. Sun gwada ɓawon gyaɗa, da ɓuntun shinkafa, da totuwar masara, da ɓawon ƙwai, da ɓawon kwakwa. Idan aka ƙona irin waɗannan a rufe, ba tare da iska ta shiga sosai ba, sukan zama gawayi mai ƙananan ramuka ba iyaka, kamar saƙar zuma. Ruwa na ratsawa, ƙarfen sai ya manne a bangon ramukan, kamar yadda ƙarangiya ke kama wandon mai wucewa.

A ɗakin gwaji sakamakon yakan yi kyau ƙwarai. Amma a nan sai mu yi hankali. A ɗakin gwaji ruwa tsarkakakke ake ɗauka, a zuba masa yuraniyom shi kaɗai, a daidaita tsaminsa yadda gawayin ya fi so. Ruwan rijiya ba haka yake ba. Yana ɗauke da gishiri iri iri, kowanne yana neman wurin zama a jikin gawayin. Wanda ya fi ba da wahala shi ne dangin kanwa. Idan ruwa yana da kanwa-kanwa, sinadarin nan yakan rungume yuraniyom ya hana shi mannewa, su bi ta cikin gawayin su fice tare. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a busassun wurare irin namu kuwa sau da yawa haka yake. A ganina, gawayin ɓawon gyaɗa shi kaɗai yana da amfani wajen gyara wari da ɗanɗano, amma ba shi ne zan sa a gaba ba idan gwaji ya nuna yuraniyom. Akwai waɗanda suka fi shi.

Ƙashi

Je ka bayan mayanka a Daura, ko Mai'aduwa ran Lahadi, ka ga tulin ƙasusuwa. Wannan tuli shi ne mafi daraja cikin dukan jujin da muke magana a kai. Ƙashi an gina shi da kalsiyom da fosfet, watau dangin abin da ke cikin takin supa da muke sa wa gyaɗa. Yuraniyom yana da ƙauna da fosfet. Da sun haɗu sai su ƙulle su zama wani abu mai wuyar narkewa. Radiyom kuma, da yake yana shiga ƙashi a maimakon kalsiyom, ba ruwansa da ko ƙashin na wane ne. Abin da ya sa yake da haɗari a jikin mutum, shi ne ya sa ake iya kama shi. Ƙashin saniya ya karɓe shi a bokiti kafin ya kai ga ƙashin yaro.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Shekara 200 ke nan masu yin sukari a Turai suna tace shi da gawayin ƙashi don ya yi fari. A Kenya, inda fuloraid ya addabi mutanen kwarin Rift kamar yadda ya yi a Tibiri, Dayosis na Katolika na Nakuru ya soma yin gawayin ƙashi a 1998, yana haɗa matatai na bokiti don gidaje da manya don makarantu da unguwanni. Abin da suka koya game da ƙona shi zai amfane mu.

Da fari a raba ƙashi da nama da kitse, a shanya shi ya bushe. Sa'an nan a ƙona shi a rufaffen wuri, iska kaɗan, da zafi matsakaici, wajen digiri 350 zuwa 500. Ba mu da ma'aunin zafi a ƙauye, amma launi yana faɗa. Wanda ya fito baƙi ƙirin yana maiƙo yana ƙauri bai ƙonu ba, zai ɓata ruwa da wari har a ƙi sha. Wanda ya yi fari fat kamar alli wuta ta yi masa yawa, ƙarfin kamunsa ya ragu. Abin nema shi ne mai ruwan toka zuwa baƙi-baƙi, marar wari. A daka shi a turmin da ba na abinci ba, a tankaɗe a fitar da gari, a riƙe tsaki mai girman ƙwayar gero zuwa ta dawa, a wanke har ruwan wankin ya fito fes. Mai ginin tukwane da ta saba da wutar gasa randa za ta fi malamin makaranta saurin gane wannan aiki.

Akwai maganar da ba za a tsallake ba. Rijiya ta kowa ce, Musulmi da Kirista, kuma mutum yana da iko ya san abin da ruwan shansa ya ratsa. Saboda haka ƙashin ya zama na shanu ko raƙuma ko awaki da aka yanka bisa ƙa'ida, daga hannun mahautan da aka sani, ba na mushe ba, ba kuwa na alade ba. A sa Sarkin Fawa cikin shawara tun farko, a kuma nemi bakin liman da dagaci kafin a ƙona ko ƙashi ɗaya. Matacin da rabin gari ke ƙyama, ko ya fi kowanne aiki, randar banza ce.

Tsatsa

Abu na biyu shi ne baƙin ƙarfe. Matan gida sun tsani tsatsa a bokiti, amma tsatsa tana da hannun kama yuraniyom, kuma ƙarfen da ke cikin yin tsatsa yakan juya narkakken yuraniyom ya koma irin wanda ba ya narkewa.

An gwada wannan a fili, ba a kwalba kaɗai ba. A wani kwari mai suna Fry Canyon a jihar Utah ta Amurka, inda tsohuwar ma'aikatar yuraniyom ta ɓata ruwan ƙasa, ma'aikatan gwamnati sun haƙa rami a 1997 suka gina katanga uku a ƙarƙashin ƙasa a kan hanyar ruwan: ɗaya ta gawayin ƙashi, ɗaya ta baƙin ƙarfe, ɗaya ta tsakuwa mai rufin tsatsa. Cikin shekarar farko katangar baƙin ƙarfe ta tare fiye da kashi 99 cikin 100. Ta ƙashi ta soma da kyau kamar haka, daga baya ta riƙa hawa da sauka. Ta tsatsa zalla ita ce ta fara gajiya. A Bangaladash kuma, inda gubar asanik ta shiga rijiyoyin miliyoyin mutane, wani masani ɗan ƙasar mai suna Abul Hussam ya haɗa mataci na bokiti biyu da yashi da ɓarɓashin ƙarfe da gawayi da fasassun bulo, har ya ci kyautar dala miliyan ɗaya a 2007. Guba daban ce, amma ya nuna matacin ƙarfe yana iya zama a ɗakin girkin talaka ya yi aiki.

Wanda zai haɗa irin wannan a nan zai jera bokiti biyu ko randa biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ta sama da yashi da ƙananan ƙusoshi ko ɓarɓashin ƙarfe, ta ƙasa da gawayin ƙashi, da yashi mai laushi a gindi don ya tare jan ruwan tsatsa. Ruwan ya riƙa ɗiga a hankali. Gaggawa ita ce ke kashe mataci, gama ruwan da ya wuce da gudu bai ba gawayin zarafin kama kome ba. Ƙarfen kuwa a san asalinsa. Kada a sa mai fenti, ko mai rufin farin ƙarfe irin na kwanon rufi, ko abin da ya fito daga batir. Labarin kasuwar Arlit ya isa ya sa a guji tsohon ƙarfen da aka sauke daga motar arewa ba a san inda aka kwaso shi ba. Bayan tacewa kuma a tafasa ko a sa maganin kulorin, domin mataci mai laima gida ne ga ƙwayoyin cuta idan ba a kula ba.

Ina gubar ta tafi?

Ga sharaɗin da na ambata da farko. Mataci ba ya kashe yuraniyom. Ba abin da ke kashe shi, ko wuta ko magani. Tara shi yake yi. Abin da ke warwatse cikin duro ɗari na ruwa, yanzu ya taru cikin kwano biyu na gawayi. An tsabtace ruwa, amma an sami sabon abu a gida wanda ya fi ruwan guba nesa ba kusa ba.

Kuma gawayin yana cika. Ran da ramukansa suka ƙoshi, ruwa zai ci gaba da fitowa garau kamar jiya, da gubarsa a ciki, wani lokaci ma har da wadda aka kama a baya. Ba ya canja launi, ba ya wari, ba ya ba da wata alama. Iyalin da ke da cikakken mataci sun fi wanda ba shi da kome shiga haɗari, gama su hankalinsu kwance yake. Yaushe zai cika? Ya dogara ga yawan gubar da ke rijiyar da yawan ruwan da ake tacewa, kuma gwaji ne kaɗai zai faɗa.

Mu manoma ba mu iya ganin abu ya tafi a banza ba, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Tsohon gawayin ƙashi ya yi kama da taki, kuma lalle sabonsa taki ne. Wani zai ce a watsa a gonar gyaɗa. Wani zai daka wa kaji don ƙwai ya yi ƙwari, ko ya haɗa da kanwa ya ba shanu lasa. Wata za ta jefa a murhu, toka ta tafi bayan gida ko cikin tokar miya. Duk wanda ya yi haka ya ɗauko gubar daga randa ya sa a tukunya. Gawayin da ya gama aiki a rijiya mai yuraniyom, a kwaɓa shi da siminti ya daskare, a binne a rami mai zurfi da aka yi wa alama, nesa da kowace rijiya da aƙalla mita 30, ta gangaren da ruwa ba ya komowa gari, inda ba a noma. Wuri ɗaya don gari duka ya fi kowa da raminsa. Idan kuwa gwaji ya nuna gubar tana da yawa ƙwarai, wannan ya wuce aikin kwamitin rijiya. Akwai Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda dokar 1995 ta kafa, ta soma aiki a 2001, ita ke da alhakin irin wannan shara. Sau da yawa ma abin da ya fi sauƙi shi ne a bar rijiyar don wanki da gini, a sha daga wata. Haka kuma matacin da ke aiki a irin wannan rijiya kada a ajiye shi a ɗakin kwana, a sa shi a rumfa inda iska ke wucewa.

Gwaji kafin gini

Saboda haka tsarin aikin shi ne gwaji tukuna. Idan ruwa lafiya yake, ba a bukatar ƙona ƙashi ko ɗaya, sai a ci gaba da tsabtar guga da randa. Ba sai an kai ruwa Turai ba. A Samaru ta Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, inda ƙaramin injin nukiliya na bincike yake aiki tun 2004, kuma auna irin waɗannan abubuwa a ƙasa da ruwa aikinsu ne. Hanyar da ta fi dacewa ita ce kwamitin rijiya ya bi ta sashen ruwa da tsabta na ƙaramar hukuma, zuwa hukumar samar da ruwa a karkara ta Jihar Katsina, a nemi a haɗa ruwan garuruwa da yawa a tafi da shi gaba ɗaya, kuɗin mota da na gwaji su yi sauƙi. Ƙungiyar manoma da ke iya tara kuɗin taki tana iya tara wannan. Inda za a haƙa sabuwar rijiya kuwa, a sa gwajin cikin yarjejeniya da ɗan kwangila tun kafin a biya shi kuɗin ƙarshe, a ce a duba yuraniyom da fuloraid da dalma, ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba.

Wajen ɗiban ruwan gwaji, a tambayi masu gwajin irin kwalbar da suke so da yawan ruwan. A buga famfo na 'yan mintoci tukuna don ruwan da ya kwana a bututu ya fita, a ɗauraye kwalbar sau uku da ruwan rijiyar, a cika ta har baki, a toshe. A rubuta sunan gari da unguwa da kwanan wata da zurfin rijiyar in an sani. Inda aka riga aka kafa mataci, kwalba biyu za a aika, ɗaya kafin tacewa, ɗaya bayanta, kuma a maimaita bayan 'yan watanni, da rani da kuma bayan damina. Takardar sakamakon a yi mata kwafi biyu, ɗaya wurin dagaci, ɗaya cikin littafin kwamiti, a kuma karanta ta da Hausa a gaban matan da ke ɗiban ruwan.